Filin Tambaya da Amsa: Zaman Shayi da Dim Sam a Kudancin Sin

Duk lokacin da baje kolin Kanton ya gabato, a watan Afrilu da na Oktoba, wasiƙun 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou, wato Gwanzu, birnin da ake kuma kira Kanton, sukan yi yawa a wannan fili, kuma rabinsu kan abinci ne. A wannan fitowa mun ware waɗanda suka shafi dim sam.

Tambaya: Mai masana'antar da nake sayen yadi a wurinsa ya ce idan na iso zai kai ni "yam ca" da ƙarfe tara na safe. Shayi ne kawai ko da abinci? Kuma yaya ake yi daga shiga har fita? — Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, wannan gayyatar girmamawa ce, kuma kada ka cika ciki kafin ka fita. A lardin Guangdong, inda Gwanzu take, da Hong Kong, yam ca zama ne na awa ɗaya da rabi zuwa biyu a gidan shayi, buta tana zagayawa, ana ta kawo ƙananan abinci cikin kwandunan gora masu tururi da ƙananan faranti. Waɗannan ƙananan abincin su ake kira dim sam. Kwando ɗaya yakan ɗauki guda uku ko huɗu, a ajiye a tsakiyar tebur kowa ya ɗauka. Al'adar ta daɗe: gidan Tao Tao Ju da ke titin Dishifu a Gwanzu yana nan tun 1880, maƙwabcinsa Lin Heung tun 1889, Luk Yu na Hong Kong kuma tun 1933.

A bakin ƙofa za a tambayi yawanku. Ranar Asabar da Lahadi da hantsi sai an karɓi lamba an jira, domin lokacin ne iyalai ke fito da tsofaffinsu. Idan ku biyu ne ko uku a tsohon gida mai cunkoso, ana iya zaunar da ku a babban tebur tare da baƙin da ba ku sani ba. Ba raini ba ne, haka ake yi, kuma ba wanda zai sa ran doguwar gaisuwa daga gare ka.

Da kun zauna, tambayar farko ita ce wane shayi za ku sha. Kuɗin shayi da kai ake lissafa shi, ko mutum ya sha ko bai sha ba. Daga nan sai a kawo buta da wata babbar tasa wadda ba komai a ciki. Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, saboda mun saba da ruwan wanke hannu kafin ci. Tasar ba ta hannu ba ce. Za ka zuba ruwan zafi ko shayin farko a ƙaramin kwanonka, ka tsayar da tsinkayen cin abinci a ciki ka kwarara musu ruwan daga sama, ka juya bakin kofin a cikin ruwan, ka ɗauraye cokalin, sannan ka juye ruwan a tasar a ɗauke. Idan kana son wanke hannu, ka je wurin famfo.

Zaɓen abinci hanya uku ne, ya danganta da gidan. Akwai takarda da fensir da za ka yi wa abin da kake so alama ka rubuta yawan kwando. Akwai masu tura keken abinci suna kiran sunan abin da suka ɗauko, ka tsayar da su a ɗaga maka murfi ka gani, sai dai wannan ya ragu ƙwarai sai a tsofaffin gidaje. A Gwanzu yanzu gidaje da yawa hoton lambar da ke manne a tebur ake ɗauka da waya a zaɓa. Inda ake amfani da kati, duk kwandon da aka sauke sai a buga hatimi a layinsa: 小 ƙarami, 中 matsakaici, 大 babba, 特 na musamman, 頂 mafi tsada. Waɗannan matakan farashi ne, ba girman kwando ba. Kada katin ya ɓace ko ya jiƙe, da shi ake lissafi. Idan kun gama sai a ce "mai dan" a kawo lissafin.

Tambaya: Ni idan na je irin wuraren nan, na jatan lande da na naman sa da kayan zaƙi kawai nake zaɓa, ina kauce wa na alade. Hakan ya wadatar? — Wata Hajiya mai safarar takalma, Maraɗi

Amsa: Hajiya, bai wadatar ba, kuma wannan ita ce magana mafi muhimmanci a wannan shafi. A girkin Kanton alade ba nama ne kawai ba, shi ne man girki da abin ƙara maiƙo da ɗanɗano. Yana shiga abubuwan da sunansu bai ambace shi ba, ido kuma ba ya ganinsa.

Ɗauki ha gau, wanda shi ne sarkin teburin: ƙulli mai fata shara-shara da ake hango jatan lande ta ciki. A girkin gargajiya ana haɗa jatan landen da tohon gora da kitsen alade da aka yanka ƙanana, don kada cikin ya bushe a tururi, sau da yawa har ƙullin fatar ana murza shi da man alade. Siyu mai, mai rawayar fata da buɗaɗɗen kai, mafi yawan cikinsa naman alade ne, jatan landen ƙari ne. Dunƙulen naman sa da ake turarawa kan fatar waken suya, laushinsa daga kitsen alade yake, ga kuma batun yadda aka yanka san. Lo bak go, wanda ake yi da garin shinkafa da wani farin tushe a yanka a soya, kamar ba nama a ciki, amma jajayen ɗigon da ke jikinsa busasshen tsiran alade ne. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza a naɗe cikin ganyen bado, shi ma da tsiran nan a ciki. Cang fan, wato naɗin garin shinkafa mai santsi, ko da na jatan lande aka kawo, miyar waken suyar da ake kwarara masa a wasu gidajen da man alade ake haɗa ta.

Kayan zaƙin ma ba su tsira ba. Dan tat, ɗan ƙoƙon fulawa mai ƙwai da madara a tsakiya, idan ɓawonsa mai ɓarewa fallen-fallen ne to galibi man alade ne ya ba shi wannan siffa. Daskararren mangwaron da ake kawowa a ƙarshe da jelatin ake daskarar da shi, kuma ba a faɗin daga wace dabba ya fito. Sannan akwai giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa kaza da nama da ita kafin girki. Ki ƙara da cewa kwandunan jere ake ɗora su kan juna a tururi ɗaya, maiƙon na sama yana ɗiga kan na ƙasa, suya kuma a mai ɗaya ake yi.

Tambayar mai kawo abinci "akwai alade?" ba ta fitar da mutum. Zai ce babu da zuciya ɗaya, domin shi tsokar nama ya fahimta, bai lissafa mai da kitse ba. Ki ajiye waɗannan alamomi a wayarki: 猪 alade, 猪油 man alade, 酒 giya, 牛 sa, 羊 rago ko akuya, 鸡 kaza, 虾 jatan lande. Mafi haɗari ita ce 肉. Idan ta zo ita kaɗai ba sunan wata dabba a gabanta, alade ake nufi.

Shawararmu ita ce a zaɓi gida, ba a zaɓi kwando ba. Gidan da girkinsa duka na halal ne, ki ci abin da ranki ke so. Gidan da ba haka ba, ba wani tsince-tsince da zai ba ki natsuwa. Idan abokin ciniki ne ya gayyace ki, ki sanar da shi kwana biyu ko uku kafin ranar cewa abincin 清真 kike ci, wato halal, cing jan a lafazin Mandarin. Masu masana'antun Gwanzu sun daɗe suna hulɗa da Musulmi, ba baƙuwar magana ba ce a wurinsu, kuma faɗa da wuri ya fi mutunta mai gayya a kan ki zauna kina mayar da duk abin da ya sa miki a kwano. In kuwa kin riga kin tsinci kanki a teburin, ki riƙe shayi, farar shinkafa, farin kunun shinkafa wanda ba a sa masa komai ba, 'ya'yan itace, da ganyen da aka tafasa a ruwa zalla, ki ce kada a zuba masa mai ko miya. Jatan lande shi kansa ba matsala a mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta dabbobin ruwa. Hukuncin abin da ya haɗa tukunya ko tururi da haram kuwa, wannan na malamai ne, ki tambaye su kafin tafiya.

Tambaya: To ina ake samun na halal ɗin? A Xiaobei taliya da gasasshen rago kawai nake gani. — Wani matashi mai sayen kayan waya, Kaduna

Amsa: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Gidajen halal na unguwannin Xiaobei da Sanyuanli a Gwanzu yawanci na mutanen arewa maso yammacin Sin ne, masu taliyar Lanzhou da girkin Uygur, sai na Larabawa da Turkawa da na 'yan Afirka. Ba girkin Kanton suke yi ba. Sai ka shiga tsohon gari. A titin Zhongshan na shida, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou, akwai Huimin Fandian (回民饭店), tsohon gidan abincin Musulmin Gwanzu, wanda ke yin dim sam da naman sa da rago da kaza. Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya a titin Guangta, don haka kana iya haɗa karin safe da sallar azahar.

A Hong Kong kuwa, ka nufi Masallacin Ammar da ke lamba 40 a titin Oi Kwan, unguwar Wan Chai. A hawa na biyar akwai ɗakin cin abinci na cibiyar Musulunci, inda ake yin siyu mai da ha gau da sauransu ba tare da alade ba. Daga hantsi zuwa bayan azahar ake yin dim sam ɗin, kuma ranar Juma'a bayan an sauko wurin yakan cika, gara ka riga jama'a. Ko'ina ka je, ka nemi takardar shaidar halal a bango, kada ka tsaya ga koren allo kawai.

Tambaya: Na ga suna ƙwanƙwasa tebur da yatsu idan an zuba musu shayi. Kira ne ko me? Kuma wane shayi ya dace da baƙo? — Wata ɗaliba, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Amsa: Godiya ce, 'yar'uwa. Ana lanƙwasa manuniya da ɗan tsakiya a taɓa tebur sau biyu ko uku kusa da kofin, don kada a katse hira ko a yi magana da abinci a baki. Akwai labarin da ake bayarwa cewa sarki Qianlong ne ya fita a ɓoye ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai durƙusa ba tare da ya tona asirin sarki ba, sai ya durƙusar da yatsunsa. Labarin baka ne, amma kowa a can ya san shi.

Idan kin ɗauki buta, ki fara zuba wa manya, sannan sauran, naki a ƙarshe, kuma kada ki cika kofi har baki, kashi bakwai cikin goma ya isa. Ruwa ya ƙare, ki ɗaga murfin butar ki jingine shi a karkace, mai hidima zai gani ya ƙaro ruwan zafi a kan ganyen, ba a ƙarin kuɗi. Ba madara, ba sukari. Po lei baƙi ne mai kauri da ƙanshin ƙasa, shi masu gida suka fi so saboda yana yanke maiƙo, amma yakan yi wa sabon baki nauyi, kuma idan ya jima a buta sai ya yi baƙi ƙirin. Mu dai mun fi ba baƙo shawarar hong pin mai ƙanshin furen yasmin, ko guk po, wato po lei da aka sassauta da furen guk fa. Wadda shayi ke hana ta barci ta nemi guk fa zalla.

Tambaya: Mu huɗu ne za mu je gidan halal. Kwando nawa za mu ce a kawo, kuma ta yaya za mu gane mai kyau? An ce har ƙafar kaza suke ci. — Wani Malami, Kumasi

Amsa: Malam, ku lissafa kwando biyu zuwa uku ga kowane mutum, wato takwas zuwa goma sha biyu gare ku. Amma kada ku ce a kawo su gaba ɗaya. Dim sam na tururi minti biyar kawai yake da shi a kan tebur kafin fatar ta yi tauri ta manne da takardar ƙasa. Ku fara da biyar: ha gau, siyu mai, cang fan, dunƙulen naman sa da farantin ganye. Idan sun kusa ƙarewa ku ƙaro na suya da mai nauyi irin lo mai gai, zaƙi a ƙarshe. Ku tambaya ko kwandon guda uku ne ko huɗu, domin idan uku ne ɗayanku zai rasa, sai a ninka.

Da ha gau ake auna gwanintar gida. Fatar ta zama ana hango jan jatan landen ta cikinta, amma idan aka ɗaga da tsinke kada ta yage, kada kuma ta manne wa ta kusa da ita. Masu sana'ar suna son a ga naɗi aƙalla bakwai a bakinta, gwanaye kan kai goma zuwa sama. Cikin ya yi ƙaras a haƙori. Idan ya yi laɓo-laɓo, ko jatan landen ya kwana ne ko an bar shi ya wuce lokaci a tururi. Fatar da ta yi fari fat kamar alli ba ta nuna ba, ku mayar.

Ƙafar kaza, wadda suke kira fung jau, ku gwada ta. Soya ta ake yi, a jiƙa a ruwan sanyi har fatar ta kumbura, a dafa ta cikin miya, sannan a turara da baƙin waken suya mai gishiri da ɗan barkono. Ana gutsurar yatsa ɗaya, a tsotse fatar a baki, a fitar da ƙananan ƙasusuwan a ajiye a faranti. Ƙaramin kwanon shi ne na ci, farantin ƙarƙashinsa na ƙashi ne. Mai hawan jini ya yi hankali da ita da duk mai miyar waken suya, gishirinsu da yawa. Wanda kuma jatan lande ke tayar masa da borin jini ya sani cewa ana sa busasshensa har a abubuwan da ba a zato, irin su lo bak go da yajin XO.

Tambaya: Ban iya cin abinci da tsinke ba. Kuma wa ke biya? — Wani mai karatu, Damagaram

Amsa: Ka nemi cokali mai yatsu, ba abin kunya ba ne, burodin tururi kuma da hannu ake ɗauka. Abu biyu za ka kiyaye: kada ka soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da suke kunna wa mamaci, kuma idan ka ga tsinkaye masu wani launi daban a tebur, na ɗebowa daga tsakiya ne, ba a kai su baki. Wanda ya yi gayya shi ke biya. Ka nuna niyyar biya sau ɗaya ko biyu, ka bari, ka rama a wani zaman. A Hong Kong yawancin gidaje suna ƙara kashi goma cikin ɗari na hidima a lissafi. A Gwanzu ba a saba ba da tukuici ba, amma ƙunshin takardar goge baki da ɗan abin taɓawa da ka tarar a tebur suna iya shiga lissafi, idan ba ka so ka ce a ɗauke tun farko.

Tambaya: Maigidana ya dawo yana ta yabon siyu mai. Zan iya yi a gida da abin da ke kasuwarmu? — Wata uwargida, Sakkwato

Amsa: Za ki iya, uwargida, turarawa ce irin ta dambu, madambacinki ma ya isa. Na guda 24: tsokar cinyar kaza giram 300, jatan lande ɓararre giram 150, fatar kaza da kitsenta giram 40. Kada ki yi da ƙirji, bushewa zai yi. Ki daddatsa naman da wuƙa ƙanana, kada ki niƙa ya zama kunu. Jatan landen ki murza shi da gishiri, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki tsane shi sarai da tsumma mai tsabta, ki yanka kowanne gida uku.

Ki sa wa kazar gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba a cika ba, ki juya ta gefe guda kawai, minti huɗu zuwa biyar, kina ƙara ruwan sanyi babban cokali biyu kaɗan-kaɗan, har ta yi danƙo tana kama jikin kwano. Wannan juyin shi ne aikin. Idan aka gajarta shi, cikin zai wargaje a baki maimakon ya yi tsalle. Sai ki zuba jatan landen da kitsen, sukari ƙaramin cokali ɗaya, miyar waken suya ɗaya, man riɗi ɗaya, ɗan masoro, da garin sitacin masara babban cokali ɗaya. Ki sa a firji minti 30 zuwa awa ɗaya.

Fatar kuma: fulawa giram 150, ƙwai ɗaya, ruwa babban cokali biyu, ɗan gishiri. Ki murza minti goma, ki rufe ya huta rabin awa, ki murza shi siriri har ki fara hango yatsunki ta ciki, ki yanka da bakin kofi mai faɗin santimita takwas. Ki haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, ki ɗora fatar a kai, ki danna cokali ɗaya na haɗin a ciki, ki matse ƙugun, ki daidaita saman da bayan cokali, ki buga gindin a faranti ya zauna. Ɗigon karas a kai ya isa ado.

Sai ruwa ya tafasa sosai kafin ki ɗora. Ki shimfiɗa ganyen kabeji ko ki shafa mai, ki bar tazarar yatsa tsakaninsu, ki turara minti takwas zuwa goma a wuta mai ƙarfi ba tare da buɗewa ba. Murfin ƙarfe yana tara ruwa ya ɗiga ya jiƙa fatar, don haka ki naɗe shi da tsumma. Ki fasa ɗaya ki duba kazar ta nuna har tsakiya.

Ha gau ki bar shi sai hannu ya faɗa, domin fatarsa ba da fulawa ake yi ba. Sitacin alkama ne giram 100 da sitacin rogo na ci giram 30, a kwarara musu ruwa mililita 150 yana kan tafasa, a juya da sauri, a rufe minti biyar, a murza da ƙaramin cokali na man gyaɗa. Idan ruwan ya ɗan huce kafin a zuba, sitacin ba zai kama ba, ƙullin zai riƙa tsagewa a hannu, kuma ba ya gyaruwa, sai a sake sabo. Sitacin alkamar a shagunan kayan abincin 'yan Sin ake samunsa, ko ki sa maigida ya taho da shi, a jikin ledar an rubuta 澄面.